Jar Lemar Kaka

"Lafiya lau, sai gajiyar zama. Ina motar?"

Kaka ce ke tambaya a bakin tashar jirgin ƙasa, jaka a hannu ɗaya, jar lema a ɗayan. Jikanta, wanda ita ta laƙaba wa suna Dogo ya bi shi har girma, ya sosa ƙeya ya ce motar tana wurin bakanike. Da asuba matar Dogo ta haihu. Awa shida Kaka ta yi a jirgi don ta ga tattaɓa-kunnenta ta fari, gobe da sassafe kuma za ta juya. Ƙarfe biyar asibiti ke rufe ƙofar masu dubiya, ga shi huɗu ta gota.

"Wato akwalar ta mutu."

"Hutawa take yi. Sa'arki ce, kin san ku tsofaffi sai da lallami."

"Ni dai ga ni na iso. Ita fa?"

Garin kuwa irin wanda baƙi 'yan yawon buɗe ido ke cikawa ne, kowa da malafa da kyamara a wuya. Tasi babu, bas uku suka wuce maƙil. Dogo ya gaji da latsa waya, ya ce su ratsa ta tsohuwar kasuwa a ƙafa. Kafin su yi nisa sau biyu Kaka tana ɓace masa a cikin cunkoso.

"Tsohuwa, ɗaga lemar nan sama in riƙa hango ki. In kin ɓata me zan ce wa 'yan sanda? Na yar da kaka, tsawonta bai wuce kujera ba?"

"Ni kuma in ce musu wata falwaya ce ta yar da ni, mai kai kamar ƙwan fitila."

Duk da haka ta ɗaga lemar a naɗe, ta shiga gaba. Abin da ba su sani ba, haka masu yi wa baƙi jagora ke yi a garin: su ɗaga lema, ayari ya bi. Da Dogo ya waiwaya sai ya ga mutum kusan talatin a bayansu. Kaka ta tsaya gyara takalmi, su ma suka ja burki, suka hau ɗaukar hoton wani bango da ba komai a jikinsa sai tallar maganin sauro.

"Kaka, kin saci baƙin mutane."

"Farin jini ne, yaro. Kai da tsawonka ko kare bai taɓa bin ka ba."

"Sun ɗauka ke ce kayan tarihin da suka zo gani."

"To su biya kuɗin kallo. Kai ko kyauta ba mai so."

Yana shirin yi musu bayani suka ɓullo babban titi. Ga asibiti can tsallake, motoci na ta shararawa, gadar masu ƙafa tana can nesa, saura minti takwas. Dogo ya san ƙafar Kaka ba za ta kai gadar ba. Ita kuwa sai ta ƙara miƙa lemar sama. Ɗan sandan hanya ya hango lema da ayari, ya busa usur, ya tsayar da titin baki ɗaya. Kaka ta tsallaka a tsanake, har da ɗaga wa direbobi hannu.

A ƙofar asibiti jagoran gaskiya ya cim musu da tasa jar lemar, yana haki. Kaka ta ba shi alewa, ta ce ya ƙirga kayansa, ba ta rage ko ɗaya ba.

Saura minti biyu suka shige. Da aka ɗora mata jaririyar a cinya, bakin nan da ba ya mutuwa ya mutu. Hawaye suka zubo mata, Dogo ma ya juya yana goge nasa.

"Na sallama, Kaka," ya ce yana dariya. "Yau kin fi mota."

Ba ta ɗago ba, ta tura masa lemar da ƙafa.

"Ungo, na bar maka. Wannan ba ta kwana wurin bakanike."