Ranar da Na Kurɓi Kemistiri a Wurno

Ko zan manta komai na zamanin makaranta, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kurɓi kemistiri a Wurno ba. Kurɓa ta gaske nake nufi, da baki, a bainar jama'a.

Ni ɗan Rimawa ne. A shekarun da ruwan dam ɗin Goronyo ya fara ratsa gonakinmu, kowa ya duƙufa noman rani, ni kuwa na ƙwallafa rai sai makarantar koyon aikin lafiya. Matsalar ita ce ba a ɗaukar wanda bai ci kemistiri ba, sakandarenmu kuma ba ta da malamin kemistiri, balle ɗakin gwaji. Mai hankali da ya nemi wanda zai koya masa. Ni sai na sayo tsohon littafi a Sakkwato, na yi rajistar jarrabawa a wata makaranta a Wurno, na naɗa kaina malamin kaina.

A gonar albasar Baba nake karatu. Aikina a can shi ne jawo ruwa daga kanal, wato magudanar ruwan dam, zuwa fangali. Ka tsoma bakin tiyo ɗaya a ruwa, ka kafa bakinka a ɗayan, ka zuƙa da iyakar ƙarfinka har ruwan ya taho. A wannan fanni ba ni da na biyu, duk layinmu an shaide ni. In ruwa ya kama gudu sai in koma gindin mangwaro in ci gaba da hadda.

"Wai mi kaka gunaguni kai ɗai?" in ji Baba wata rana.

"Baba, sinadarai na."

"To Allah shi taimaka, Likita. Amma fangalin can bai sha ba."

Shi ke nan suna ya bi ni. Har tsofaffi suka fara tare ni da zancen ciwon gwiwa, ni kuwa ina gyaɗa kai ina cewa su rage gishiri (a littafina babu ko kalma ɗaya a kan gwiwa).

Da na je duba lambar kujerata a Wurno, na haɗu da malamar kemistirin makarantar, Malama Rahila, mutuniyar Zuru. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne mai karatu a gida? Ka taɓa riƙe kayan gwaji?"

"Malama, duk na haddace su, har da hotunansu."

"Hoto daban, hannu daban. Ka zo ranar Asabar ka gwada tare da ɗalibaina."

Na ce mata aiki ya yi mana yawa a gona. Ƙarya ce. Tsoro nake ji kar 'yan Wurno su ga Likitan Rimawa yana tambayar sunan kwalba.

Ranar jarrabawar gwaji na sha guga, na shiga ina taku ɗai-ɗai. Aka tsayar da ni kusa da wata yarinya, Asma'u. A gaban kowa akwai kwalabe da wani siririn bututun gilashi da ake kira fifet. Da shi ake zuƙo ruwan sinadari da baki har ya kai wani layi, a toshe da yatsa, a juye a kwalba, sannan a riƙa ɗiga masa wani ruwan har launinsa ya tashi daga rawaya ya koma ja-ja. Duk wannan na san shi a ka. Na tsaya ina karanta takarda ina murza gemun da ban da shi, Asma'u kuwa har ta kusa gama zagayen farko.

Sai na ɗauki fifet ina murmushi. Zuƙa dai? A zuƙa za a gwada ni? Na gyara tsayuwa, na cika ƙirji da iska, na ja shi irin jan da nake wa tiyon kanal.

Jama'a, abin nan ko kaurin karan dawa bai kai ba. Kafin ƙiftawar ido bakina ya cika taf da wani ruwa mai ɗanɗanon kanwa da sabulu, rabi har ya wuce maƙogwaro. Sauran kuwa na feso shi fuu, ya tsallake tebur, ya sauka cikin kwalbar Asma'u. Jan da ta wahala ta samo ya koma rawaya a gaban idonta.

"Kai! Mi niy yi maka?" Ta ɗora hannu a ka.

Malama Rahila ta taho a guje, ta ja ni da kwalar riga zuwa bokiti. "Kurkure! Kada ka haɗiye!"

"Malama, ai na riga na..."

Wani ɗan banza daga baya ya ce, "Ku ba baƙon ga ruwa, ƙishi shika ji." Ɗaki ya ɗauka. Har mai sa ido a jarrabawar na hango ya rufe fuska da takarda, kafaɗunsa na rawa. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na gode mata.

Sinadarin mai rauni ne, leɓena kawai ya kumbura. Asma'u ta sake daga farko ta gama. Ni kuwa sai in zuƙa kaɗan in tsorata in saki, har lokaci ya ƙare ban ga ja ba. A ƙofa na ba ta haƙuri da kumburarren leɓe, ta harare ni ta wuce.

Da na isa gida Baba ya ƙura wa bakina ido. "Likita, zuma ta harbe ka?" Na faɗa masa gaskiya. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, sannan ya ce, "To ka koma wurin matar nan, ba a mutuwa don tambaya."

Sakamako ya fito, Asma'u ta ci (alhamdulillahi, da alhakinta ya ishe ni), ni na faɗi warwas, shekara guda ta tafi. Da shekara ta zagayo, duk Asabar nake hawa keke zuwa Wurno, in zauna cikin ƙannen bayana. Malama Rahila ba ta taɓa tada zancen ba, sai dai wata guda cur da ruwan randa take ba ni gwaji. A karo na biyu na ci.

Abin da na koya ke nan, da bakina na biya kuɗin makarantar: littafi zai ce maka zuƙa, amma mai cewa "ya isa haka" sai mutum.