Jelar Rago da Saki na Uku

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har sunayen jikokina sai na jero uku kafin in dace da na wanda nake kira, amma ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren Usmanu a Dinder ba. Na sha roƙon Allah ya mantar da ni ita, har yau dai ba a amsa ba.

Bari in fara da ƙibata, don daga nan komai ya taso. A shekarun alif ɗari tara da saba'in ina zaune a ƙauyenmu kusa da Wad Haddad, ina da hawasha, wato gonar audugar da gwamnati ke ba mu, ga kuma lori guda da ke ɗaukar dawa. Allah ya buɗa mini, ni kuma na buɗe baki. Na yi ƙibar da in na je gaisuwa sai in ga mai gida yana satar kallon angarib ɗinsa, gadon igiyar nan namu, yana motsa leɓe. (Addu'ar ba kullum take karɓuwa ba, na karya na mutane har biyu.) A wurinmu teɓa alamar arziki ce, kowa "masha Allah" yake ce mini. Ni kaɗai na san abin da nake ciki. Gwiwoyina sun gaji da ni, numfashi sai da dabara, sujada ta gagare ni, ban kai hamsin ba ina salla a zaune a sahun tsofaffi.

Wani likita a Khartum ne ya ba ni labarin sabon aikin tiyatar da ake yi a Alƙahira. Ya ce za a gajarta wa abinci hanya a cikin hanji, ya wuce bai zauna ba, kamar yadda muke karkatar da ruwa ya tsallake wata gona. Na yarda nan take. Abin da na kasa yarda da shi shi ne mutane su ji. A garin da ake roƙon Allah abin sawa a ciki, a ce wane ya haye jirgi ya je an rage masa nasa? Sai na ce wa kowa zan je sayen kayan gyaran lori, in kuma nuna wa likita idona. Matata Hauwa kaɗai ta sani, ita ma sai da na sa ta yi mini alkawari.

Na dawo, na fara zubewa. Ranar da goshina ya sake taɓa ƙasa a masallaci sai da na yi hawaye. To amma likitan bai yi ƙarya ba da ya ce abinci zai wuce bai zauna ba. Wucewa yake yi, kuma ba ya sallama. An gargaɗe ni da kitse da man shanu da madara, in na kuskura na taɓa, cikina ba ya ba ni lokacin neman takalmi. Babu wata bishiyar ƙaya tsakanin Wad Haddad da Rusairis da ban san bayanta ba. Gashina ya fara kakkaɓewa, ƙafafuna suna ɗaurewa, ƙishirwa ba ta barina. "Masha Allah" ta koma "Allah ya sawwaƙe". Wasu suka ce na karye, amma maganar da ta fi yawo ita ce an ba ni sammu a cikin abinci.

"Hajj, ka hwaɗa ma mutane gaskiya," in ji Hauwa. "Ciwo ba sata ba ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Na ce mata cibina ne, ni na san ranar da zan nuna shi.

Usmanu ɗan ƙanina ne marigayi, a hannuna ya tashi, don haka ni ne wakilinsa. Uban amarya kuwa Hajj Haruna ne, abokina tun muna samari muna tsinkar auduga a gonakin mutane, kuma abokin cina. Mutumin kirki ne, hannunsa a buɗe, sai dai yana da wani mugun hali da ya kwasa wurin maƙwabtanmu Larabawa: rantsuwa da saki. In ya ga baƙo zai ƙi karamcinsa, sai ka ji "alayya talak", wato matarsa saki ce in ba a yi abin da ya ce ba. Yawanci baƙo kan yi dariya ya ci. Amma sau biyu an samu masu taurin kai, ɗaya ya ƙi kwana, ɗaya ya ƙi shan gahawa, kuma duk sau biyun Faki Isa limamin unguwar ya ce saki ya auku. Haka aka yi ta mai da Hajja Zainaba ɗakinta, matar da ta haifa masa 'ya'ya tara. Duk Dinder an san igiya ɗaya ta rage.

Na shirya dabarata tun daga gida: zan ce ina azumin nafila. Sai dai muna sauka daga lori da rana tsaka aka tarbe mu da kwanon lemun tsami mai sanyi, ni kuma da ƙishirwar nan tawa na kafa kai na shanye tas, a gaban mutum kusan arba'in. Sai da na ajiye kwanon na tuna ina azumi.

Aka shigo da siniya, babban tiren nan da muke zagayewa. Kisra, sinasirin nan namu na dawa mara kauri, miyar kuɓewa, agashe yana ta ƙamshin ƙuli da yaji. A tsakiya kuma aka dire wani kwano a gabana: asida, wato tuwonmu, tana iyo a man shanu, a kanta jelar rago guda sukutum, irin tumakin nan masu jela kamar matashi, an soya ta tana ƙyalli. Kitse ne zalla. A da, ita ce abin da aka san ni da shi.

Na riƙa tsakurar kisra ina dangwala bakin miya, ina jan hirar farashin dawa. Haruna yana kallona. Can ya sunkuyo ya rage murya.

"Ya zol, mutumina, mi ya same ka? Ko diktor ne ya hana ka?"

Ka ga, nan ne Allah ya buɗe mini ƙofa, mai faɗi kuwa. Kalma ɗaya ce, "i". Amma ga dattawan Dinder a zagaye, ga dangin amarya, sai girman kai ya riga ni magana.

"Wane diktor? Lafiyata lau."

Fuskarsa ta canza. Shi ma ya ji zancen sammun nan, kuma mai lafiyar da ya ƙi abincin gidanka a gaban jama'a ai ya gama faɗin abin da yake zargi.

"To abincin gidana ne ba ka yarda da shi ba ke nan. Alayya talak, in ba ka cinye jelar ga ba, Zainaba saki ce!"

Hannuwa suka tsaya a kan siniya. Bayan zanan da ya raba mu da mata, ƙarar kwanuka ta ɗauke. Faki Isa ya mai da lomarsa cikin kwano a hankali ya ce, "Haruna, ta ukku ce fa." Haruna ya juyo gare ni. Ya riga ya gane abin da ya yi, idonsa a kaina kamar na wanda ya faɗa rijiya.

Me zan yi? Auren ɗana za a ɗaura, a kashe na uwar amarya a kan jela? Na naɗe hannun jallabiya na ce bismillah. Kuma tun da gaskiya na zauna faɗi, bari in faɗe ta duka: ta yi daɗi. Rabona da kitse ya kai shekara, sai da na suɗe kwanon. Jama'a suka yi ta sa mini albarka, aka rangaɗa guɗa daga bayan zana, wani tsoho ya ce ga Hajj na da ya dawo.

Na yi niyyar sulalewa, sai aka kira La'asar. Ana sallamewa aka kama hannuna zuwa gindin dalbejiyar ƙofar gida, inda aka shimfiɗa sababbin tabarmi. Aka zaunar da ni tsakiya, ni da Haruna gwiwa da gwiwa, hannuna cikin nasa, aka lulluɓe su da farin hankici kamar yadda ake yi. Ina sanye da farar jallabiya sabuwa fil. (Riƙe wannan, za ka buƙace shi.)

Faki Isa mutum ne mai son huɗuba. Ya fara daga Annabi Adamu da Hauwa'u. Bai kai ga Annabi Nuhu ba cikina ya yi ƙugin farko. Gumi ya karyo mini. Na damƙe hannun Haruna da ƙarfi, shi kuma ya ɗauka ƙanina marigayi na tuna, sai ya damƙe nawa ya fara share ƙwalla. "Ma'alesh, yi haƙuri, ya Hajj," yake raɗa mini, "Allah shi jiƙan shi." Duk yadda na so zare hannuna, ƙara riƙewa yake.

Da aka zo wurin siga, Faki bai rufe baki ba na ce, "Na karɓa, na karɓa, kabiltu."

"Bi raha, ya Hajj," in ji shi. "Aure ba a yi mai gaugawa. Mu sake daga hwarko."

Muka sake. Na bi shi kalma kalma, haƙorana a cije, duk wata tsoka da ta rage a jikina na tara ta wuri guda. Na kai ƙarshe lafiya. Na ce "na karɓa" a inda ya dace, har na fara gode wa Allah a zuci. Abin da na manta shi ne al'adar harba bindiga in aure ya ɗauru, kuma ƙanin Haruna a bayana yake tsaye da tasa.

Ya harba. Na zabura. Abin da nake riƙe da shi tun kafin La'asar ya ƙwace.

Ƙarar bindiga ta rufe mini asiri ta fuska ɗaya, ɗaya fuskar kuwa babu bindigar da za ta iya. Faki ya ce "Alfatiha", kowa ya ɗaga hannu, ina kallo tafukan nan suna matsawa sannu a hankali daga gaban fuska zuwa kan hanci. Mutanen Dinder sun ce ba su taɓa jin Faki Isa ya yi gajeriyar addu'a irin ta ranar ba. Aka taso ana ce mini "mabruk", wato barka, ina amsawa a zaune, kaina a ƙasa. Da ƙasa tana tsagewa don kunya, da a ranar ta haɗiye ni da tabarmar gaba ɗaya.

Haruna ne ya warware rawaninsa ya yafa mini, ya kora mutane shan shayi, ya ɗaga ni. Kewayen kuwa a can ƙuryar gida yake, sai an ratsa ta cikin mata. Suka dare biyu, kowacce ta sami abin kallo a ƙasa. A bakin kewayen na tarar da buta da sabulu da jallabiyar Haruna a ninke, Hajja Zainaba tana tsaye ta juya mini baya.

"Hajj, na gode da aurena," ta ce. "Hauwa ta hwaɗa min tun da kunka iso. Farau-farau na yi maka, yana nan ɗaki a ruhe. Maigidan ne ya ce sai jela."

Na ce, "To me ya hana ki magana?"

"Ta ce sirrinka ne."

Ta wuce abinta. Wato matar nan tana bayan zana, igiyar aurenta ta ƙarshe tana lilo a kan lomata, ta san abin da zai hana ni ci, amma ba ta ɗaga murya ta tona ni ba. Wannan ya fi tabarmar ba ni kunya, har gobe.

Zawon bai tsaya a ranar ba. Kwanaki na yi ina zuba har na daina gane mutane, aka ɗora ni a kan angarib a bayan lorina sai Khartum, gadon ko ƙara bai yi ba. Likitoci suka ce hantata ta fara gajiya, jikina ya tsiyaye, dole a sake buɗe ni a mai da hanjin yadda Allah ya shimfiɗa shi. Aka yi. Ɗinkin ya yi ruwa, daga baya wurin ya kumburo, sai da aka koma aka sake gyarawa. A wannan karon babu zancen kayan lori. Daga Dinder har Wad Haddad babu wanda bai san tsawon hanjina ba, kuma abin mamaki, ba wanda ya yi dariya a gabana. Kunu kawai aka yi ta aiko mini.

Rabin ƙibar ta dawo, na karɓe ta hannu biyu. Haruna bai ƙara rantsuwa da saki ba har ya koma ga Allah, Hajja Zainaba a ɗakinta ta yi masa takaba. Usmanu yanzu da jikokinsa, amma in ana lissafin shekarun aurensa, "shekarar jela" ake cewa, sai a tuna ina wurin a yi tari.

Hausawa sun ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Gaskiya ne, na gani a wurin Hajja Zainaba. Nawa dai, na ba shi tuwo da sirri a rana ɗaya, ya saki duka biyun a gaban liman. Tun daga lokacin, in aka tambaye ni ko likita ya hana, tun ba a rufe baki ba nake cewa i.