Ƙarin da Baba Ya Cinye

A lokacin ban daɗe da fara karatun ƙwarewa a sashen hoton asibiti a Bauchi ba, amma har na soma jin idona ya fi na'urar gani. Rannan aka kawo hoton ƙirjin wani dattijo daga Ƙofar Ran mai fama da tari. Kallo ɗaya na hango wani dunƙule a huhunsa na hagu. Ƙari ne! Ban jira kowa ba, na ja ɗansa gefe, na sassauta murya na ce a dage da addu'a. Bawan Allah har da hawaye.

Na kai wa babbar likitarmu hoton, ina ta zuba Turanci. Ta duba, ta ce a sake ɗauka.

Hoto na biyu ya fito, ƙarin ya ragu da rabi. Wallahi har na fara hango kaina a gaban taron likitoci ina bayanin wannan abin al'ajabi.

Ita kuwa leƙawa ta yi waje ta ce, "Baba, me ke cikin aljihun 'yar cikinku?"

Ya zaro ɓarin goro ya miƙa mata. "Ɗayan na ci da nake jira, 'yata. Ga naki."

Baba na nan garau, mura ce kawai. Ni ma bana zan zauna jarrabawar ƙarshe. Sai dai har yau, duk abokin aikin da ya dawo daga kasuwar Muda Lawal sai ya ajiye goro a teburina, ya marairaice murya ya ce, "Dakta, duba mana, akwai sauran rai?"