Yadda Za Ka Yi Musun Jordan da LeBron da Bappan Budurwarka, Kuma a Sa Maka Rana

Kai da ke neman aure a gidan da babban cikinsu ya rantse Jordan ne gwarzon ƙwallon kwando tun da aka fara ta, alhali kai LeBron ne gwaninka, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan za a sa maka rana. Ni aski nake yi a unguwar Demsawo, ban taɓa jefa ƙwallo ta shiga raga ba, amma shekara goma sha biyu ina jin musun nan da reza a hannuna. Na gwada hanyar a kan Mu'tasim, direban keke mai ƙafa uku ɗan unguwar Bekaji, mai neman Basma. Yarinya tana so, iyaye suna so. Abin da ya rage Bappa Ya'u na unguwar Alkalawa, yayan mahaifinta, ya buɗe baki ya faɗi rana.

Mataki na ɗaya: Ɓoye shaida

Mu'tasim ya manna ƙaton hoton LeBron a bayan kekensa, har ba a ganin fasinja. Na ce ya ajiye keken bayan masallaci, layi uku kafin gidan, ya ƙarasa a ƙasa. Kai ma haka. Riga mai lamba ta zauna a gida, ka sa kaftani da hula.

Mataki na biyu: Tsuguna

Cire takalmi tun daga nesa. Ido a tabarma. Ka gaida Bappa, ka tambayi gida, rana, gajiya, shanu ko ba shi da su. In aka kawo dakere, dambun nan na Fulani, da nono, kada ka kuskura ka taɓa, mutum ba ya ci a gaban surukinsa ko da hanjinsa na kiran sallah. Bappa ya dubi Mu'tasim ya ce, “An ce kana kallon kwando?” Yaron da ya san lambar takalmin kowane ɗan wasa ya sunkuyar da kai ya ce, “Kaɗan-kaɗan, Bappa.”

Mataki na uku: Ka ce “Haka ne”

“Sau shida Jordan ya je wasan ƙarshe, sau shida ya ɗauki kofi,” in ji Bappa.

“Haka ne, Bappa.”

“Ba a yi kamarsa ba.”

“Haka ne, Bappa.”

Mu'tasim ya daure. Juma'a uku yana zuwa yana haka-ne. A ta ukun Bappa ya yi hamma, ya kunna rediyo, ya juya masa ƙeya. Ba a ko ambaci rana ba. Kada ka ce hanyata ce ta gaza, bincike muke yi.

Mataki na huɗu: Tambayi yarinyar

Gaskiya wannan ya kamata ya zo na farko. Basma ta ce wa Mu'tasim, “Kai ma haka-ne ɗin ka je ka yi masa? Wayyo ni!”

Ashe shekarar da rikici ya sa aka gudo daga Michika, Bappa ya sauki wani malamin makaranta mai suna Hosea a ɗakin zaure. Ya zo da riga ɗaya da yara huɗu, ga shi ɗan LeBron na gani-kashe-ni. Kwana biyu da zuwansa, ƙafarsa ma ba ta sace ba, suka fara musu. Shekara tara suna yi, kullum bayan la'asar, har maƙwabta sun daina fitowa rabo. Da gari ya lafa Hosea ya koma gida. Tun ranar duk wanda Bappa ya tsokana sai ya ce haka ne. Kewa ce ke cin tsohon, har ya rame.

Mataki na biyar: Fashe

Juma'a ta huɗu Bappa ya ce, ba tare da ya ko kalli Mu'tasim ba, “Shi LeBron ɗin nan, yau yana wannan ƙungiya gobe yana waccan, kamar ɗan haya.”

Mu'tasim ya miƙe tsaye. A gaban suruki, jama'a! “Bappa, da girmanka! Wa ya fi shi yawan maki a tarihi? Kofi huɗu a ƙungiya uku! Naka ya taɓa cin ko ɗaya a wani gida?”

Goggo Hansai, matar Bappa, tana shigowa da shayi, tire ya kuɓuce mata. Mu'tasim ya ce a ransa shi ke nan, Basma ta tafi. Bappa ya kashe rediyo. Ya gyara zama. Ya ce, “Hansai, a fito masa da kujerar Hosea.”

Washegari kawun Mu'tasim ya je jin rana. Bappa ya ce, “Ba matsala. Mu dai gama maganar da muka fara da yaron.”

Mataki na shida: Kada ka sallama, ba amfani

Maganar da duniya ta kasa gamawa! Wata biyar suna abu ɗaya. Bappa ya yi kumatu, Mu'tasim ya dishe. Basma ta kira shi a waya tana huci: “Ka ce masa Jordan ɗin mana! Ni LeBron zai aure ni?”

Ya je ya tsuguna, kamar mai kai gaisuwar rasuwa, ya ce, “Bappa, na yarda. Jordan ne.”

Bappa ya shafa gemu. “To, ni kuma cikin satin nan na yi nazari. Yaron nan LeBron, shekara ashirin da ɗoriya yana wasa. Anya ba shi ba ne?”

Kafin magariba Mu'tasim yana tsaye, jijiyar wuya a waje, yana kare Jordan.

Mataki na bakwai: Ka bar wa mata

Budurwa ba ta yi wa bappanta zancen aurenta, sai ta kai kuka wurin Goggo Hansai. Goggo ta ajiye wa mijinta shayi, ta ce, “Malam, na san abin da kake tsoro. Amma saurayi yakan gaji ya tafi, ka koma kai da rediyo. Suruki kuwa ina za shi?”

Bappa ya kurɓi shayin. Sannan ya ce, “Asabar ta sama ta yi nisa?”

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ruwansa da dishewar murya, fashewar kofunan shayi, ko duk yammacin Juma'ar da ta rage maka a duniya. Kada a zo min shago da ƙara. An ɗaura auren Mu'tasim, an ci an sha, kuma har yau yana Alkalawa kowace Juma'a, yana ihu da cikin yunwa, ga dakere a gabansa ba halin ci. Jiya ya zo aski, na ce tsakani da Allah wane ne gwarzon. Ya rufe ido ya ce, “Bari in ji wanda Bappa ya ɗauka wannan satin.”