Hannun Baba Grema

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar kasuwa a Gure ba, ko da tsufa zai kwashe sauran abin da ke kaina (ya ma fara, jiya na birkice ɗaki ina neman tabarau alhali yana kan hancina). Abin ya faru bayan babban farin nan da ya share dabbobin mutane, farkon mulkin soja. Ina saurayi lokacin, aka turo ni daga Damagaram in koya wa manya karatu, aikin yaƙi da jahilci. Na diro daga kamyo, babbar motar kaya, da wando mai faɗin ƙafa, ga gashi tuli guda, ga mataji a aljihun baya, ina ji a raina ni ne hasken da Gure ta daɗe tana jira. Kowa mushe yake ce mini, wato malam a bakin masu Faransanci, kaina kuwa sai ƙara kumbura yake yi.

Wanda ya riƙe ni a garin shi ne Baba Grema, wani dattijo Babarbare. Da can mai garke ne, fari ya zo ya bar shi da igiyoyi. Sai ya dawo bakin gari yana ban-ruwan rogo da albasa a wani kwari, ƙarƙashin 'yan itatuwan dabino. Abin da ya rage masa a duniya mutuncinsa ne, kuma ya riƙe shi hannu biyu. In makiyaya suka yi rigima a bakin rijiya, wurinsa ake zuwa sulhu. Baƙo bai taɓa wucewa ta ƙofarsa da yunwa ba. Yakan ce mini, "Dukiya ta tafi, ɗana, amma ba ta tafi da kwanon baƙo ba." Ni kuwa na fi kowa sanin kwanon nan, don kullum hannuna na cikin burabuskon matarsa Ya Fanna, har kumatuna suka fito.

Ana nan sai umarni ya zo daga biro, wato ofishin hukuma, a yi ɗan littafi na zane-zane, irin mai hotuna da magana a bakin mutane, don a jawo hankalin masu sauran shanu su kawo su allura. Ni kuwa tun ina lakwal, makarantar boko, zane ne cutata, ba bulalar da ban sha ba a kansa. Na ce a bar mini. Na tsara labarin wani makiyayi nagari da ya kai shanunsa allura suka tsira, ya tara baƙi ya ciyar da su. Sai dabara ta faɗo mini: me zai hana in ba makiyayin nan fuskar da kowa ya yarda da ita?

Baba Grema ya ƙi. Ya ce, "Hoto ba abin dattijo ba ne, mushe. Nemi yara."

Na ce, "Baba, in suka ga fuskata cewa za su yi ɗan birni ya zo da surutunsa. In suka ga taka, za su kawo shanun."

Na yi ta naci kamar ƙudan rani. A ƙarshe ya ja gemu, ya ce, "To, in zai tsirar da saniyar wani, zana. Amma ka fitar da ni yadda nake."

Gaskiya na zuba fasaha. Gemun nan, da zanen fuskarsa, da hular da yake karkatawa, ban bar komai ba. Na zana shi yana gaisawa da liman, yana miƙa wa baƙo ƙwaryar nono, yana cin abinci kwano ɗaya da mutane. Da Ya Fanna ta gani ta rufe baki da gyale tana dariya, ta ce, "Shi ne wallahi, har ƙeyar."

Yanzu bari in gaya maku yadda muke bugu a lokacin, don a nan gizo ke saƙar. Ba wani inji mai ƙara muke da shi ba. Akwatin katako ne da aka ɗaure wa ƙyalle mai laushi kamar rariya. Akwai wata takarda mai kakin zuma da muke kira sitansil, a kanta ake kankare zanen da tsinken ƙarfe. Sai a manna ta a jikin ƙyallen, a sa farar takarda a ƙasa, a murza tawada ta sama, tawadar ta bi ta kankarar ta sauka. Sitansil ɗin nan yana da fuska yana da baya. An nuna mana wannan a sitaj, wato horon da muka yi a Damagaram, sai dai ranar da aka nuna, ni na sulale na tafi zance (yarinyar ma ba ta aure ni ba, ta auri wani mai gyaran rediyo).

Na manna sitansil ɗina baibai. Takardar farko ta fito tsaf, baƙi wuluk, har na yi tsalle. Amma raƙumin da na zana yana kallon ƙofa, sai ga shi yana kallon taga. Na gani. Ba zan yi maku ƙarya ba, na gani da idona. Na ce a raina, raƙumi duk inda ya sa gaba ai raƙumi ne. Na ci gaba da murza tawada ina fito, shafi bayan shafi, har na cinye takardun da aka aiko mana kaf.

Maganganun bakin mutanen kuwa daban na buga su a mashin ɗin rubutu na biro, a wani sitansil, na auna su daidai da gurbin da na bari a hotunan. Da na gwada, haruffa suka fito a juye. Na juya sitansil ɗin, suka daidaita. A nan ne na gane hotunan ma a juye suke gaba ɗaya. To, takarda ta ƙare, sabuwa sai an jira mota daga Damagaram, kumandan mai mulkin yankin kuma ya riga ya sa ranar rabo. Na ce wa zai lura? Na zauna ina bin rubutu harafi harafi kada a sami kuskure a ce mushe bai iya ba. Na manta waɗanda na yi wa littafin ba su fara karanta haruffa ba tukuna. Hoto suke karantawa, da idon da ke gane saniya guda a cikin garke tun daga nesa.

Ranar kasuwa aka kafa rumfa kusa da wurin dabbobi. Kumandan na kan kujera, ga wakilin sarki, ga liman, ga makiyaya daga Bune da Alakos sun cika wuri. Baba Grema ya sa rigarsa guda ta sallah, ya zauna a gaba yana sunkuyar da kai don kunya. Na tashi na zuba jawabi, rabi Faransanci rabi Hausa, don a san an yi boko. Aka raba littafi. Wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar buɗe shafi, ni kuwa ina tsaye na harɗe hannu ina jiran tafi.

Sai wani tsohon Bafillace mai suna Jabbo, abokin wasan Baba Grema (kun san tsakanin Fulani da Barebari ba a raga wa juna), ya kai littafin dab da hancinsa, ya janye, ya sake kaiwa. Ya ɗaga murya ya ce, "Kai, Grema! Shekara da shekaru muna sa hannu a kwano ɗaya, ashe da hannun tsarki kake ci mana?"

Wani daga baya ya ce, "Ga shi nan ma yana ba liman hannu. Hagu!"

Wani ya ce, "Nonon ma da hagu ya miƙa wa baƙon."

Na fizgi littafi daga hannun na kusa da ni. Shafin farko, hagu. Na biyu, hagu. Duk inda Baba Grema ya miƙa hannu a littafin nan, na hagu ne, ga fuskarsa sak ba mai musu. Dariya ta tashi kamar an kunna wa ciyawa wuta. Gumi ya tsinke mini har cikin takalmi.

Da na yi shiru a nan, da wataƙila abin ya tsaya a wasan Jabbo. Amma mai rabon shan duka ba ya jin bari. Na haye kan benci na ɗaga takardar sama na ce, "Jama'a, ba haka yake ba! Ku ɗaga ta a rana ku duba ta baya, za ku ga dama ce!" Sai ga kasuwa guda ta ɗaga littafi sama tana kanne ido, har da kumandan. Jabbo ya leƙa nasa, ya gyaɗa kai ya ce, "Gaskiyar mushe. Ashe Babarbare sai an zagaya ta bayansa ake ganin ladabinsa." Wannan karon har da masu faɗuwa ƙasa. Liman kansa ya rufe fuska da rawani, kafaɗunsa na rawa.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Baba Grema ya ninke littafinsa a hankali, ya sa a aljihu, ya tashi ya gai da manya, ya ratsa taron ya fita.

Na so in tattara littattafan, amma ina! Kafin la'asar sun hau raƙuma da jakuna sun nufi rijiyoyi. Ba a daɗe ba suna ya fito: Grema Bahago. Yara na faɗa in ya wuce. Waɗanda suka san shi sun ɗauke shi wasa, waɗanda ba su san shi ba suka ce ai hoto ba ya ƙarya. Jabbo da kansa ya zo ya ba shi haƙuri, amma magana zarar bunu ce. In an je sulhu ya ɗaga hannu zai yi magana, sai ka ga matasa na taɓa juna. Har baƙo ya taɓa zama a kwanonsa yana satar kallon hannun da zai sa. Wannan ya fi komai ci masa rai, a bakin Ya Fanna na ji.

Ni kuwa na ƙaurace wa gidan, na koma cin ƙosai a ɗaki kamar ɓarawo. Da kunya ta ishe ni, na same shi a kwari yana jan ruwa. Na durƙusa na fara zuba bayani, fuskar sitansil, bayan sitansil, yadda tawada ke bi. Na ce, "Baba, injin ne ya juya hoton."

Bai daina jan guga ba. Ya ce, "Injin nan, ya taɓa cin abincin gidana?"

"A'a, Baba."

"Kai fa?"

Ya zuba ruwan a gindin albasa, sannan ya dube ni ya ce, "Ka gani kafin ka raba?"

Ƙarya ta zo har bakin leɓena, na haɗiye ta. Na ce, "Na gani, Baba."

Ya daɗe yana kallona. Wallahi da ya ɗauki igiyar gugan ya zabga mini, da na fi jin sauƙi. Sai ya ce, "Shanun fa, ana kawo su allurar?"

Na ce ana kawowa sosai. Gaskiya ce kuwa, don littafin ya zaga ko'ina, kowa na son ya ga hoton da ake dariya, daga nan a karanta masa abin da ke ciki.

Ya ce, "To, saniyar wani ta tsira. Tashi mu je gida, Fanna ta gaji da ajiye maka kwano." Na bi shi a baya ina share hawaye da hannun riga, ƙaton mushe da ni.

Bayan damina ya tattara iyalinsa ya koma wurin danginsa wajen Bune. Ya ce kiwo ne ya ja shi, alhali awaki biyu ke gare shi, kowa kuma ya san dalili. Ranar tafiyar ya miƙo mini hannu, ya riƙe nawa gam, ya ɗan yi murmushi ya ce, "Duba da kyau, mushe. Wannan shi ne na dama." Ban sake ganinsa ba. Kullum ina cewa zan je, kullum kunya na cewa bari sai wani watan, har aka ɗauke ni daga Gure.

Shekaru sun ja, rannan a tashar Damagaram na gamu da wani mutumin Bune. Na tambaye shi labarin Baba Grema. Ya ce, "Wane Grema? Masu sunan da yawa." Na ce wani dattijo mai karamci, wanda baƙo ba ya wuce ƙofarsa. Ya girgiza kai. Na ce mai sulhunta makiyaya, wanda ya zauna a Gure bayan fari. Ya ce bai gane ba. Na yi ta kewaye-kewaye, har dai dole ta sa na faɗa da bakina, a hankali kamar mai tsoron a ji. Na ce, "Bahago."

Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Allah sarki, Grema Bahago! Ai ya rasu bara. Mutumin kirki. Amma ka san abin mamaki? Ni ban taɓa ganin ya ci da hagu ba."

Tun daga ranar kasuwar nan, ko hoton jikin gwangwani na gani sai na duba hannun mai shi, jikokina har dariya suke yi mini. Na bar su su yi, ai na saba. Abin da na koya dai, kuma na koye shi da mutuncin wani ba da nawa ba, shi ne in ka ga raƙumi ya juya fuska kada ka ce ba komai. Tsaya ka duba mai riƙe da akalar, da wane hannu ya riƙe ta.