Allon Tagulla na Sarkin Sanyi

Duk mai rubuta tarihin Hausawan Doha, wajibi ne ya ware babi guda ga Injiniya Badaruddeen, Sarkin Sanyi, mai kula da na'urorin sanyaya ofis a wani dogon bene na West Bay. Takardar injiniyancinsa dai ba a taɓa ganinta ba, amma wa ke tambayar rana shaida?

A zamanin kullen korona, sa'ad da jama'a ke koyon girki, shi ilimin mota ya sha a waya. Ya sayi tsohuwar mota, ya sa mata sufacaja, wato na'urar da ke ɗura wa inji iska da ƙarfi. Iskar da aka matse kuwa zafi take yi, don haka aka ɗaura intakula, na'urar rage mata zafi, a gaban motar, inda iskar hanya za ta riƙa sanyaya ta.

Abu ɗaya ya dami Sarki: motar na ruri, amma ba a san mai ita ba. Sai ya sa aka ƙera allon tagulla mai faɗin faranti, ɗauke da sunansa da muƙaminsa, don a rufe gaban da shi.

Gafaru bakanike ya ce, "Oga, ta nan fa take shan iska."

"Gafaru, shekara tara ina mulkin sanyi. Khalas, magana ta ƙare, ɗaura."

In ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa. Da gasar cin kofin duniya ta zo, surukinsa Alhaji Osman ya taso daga Kumasi da tikiti, burinsa kawai ya ga 'yan wasan Gana a fili da idonsa. 'Yarsa Fausatu, matar Sarki, ta ce a bi jirgin ƙasa na Metro.

Sarki ya gyara hula. "Baba, surukin injiniya ba ya rataye a jirgin gama-gari. Minti goma ne. Yalla, mu tafi."

Fausatu ta nufi tashar Mushairib ita kaɗai.

A cunkoson titin Al Mirqab motar Sarki ta fara nishi, ƙarfinta ya zube, tururi ya tashi, ta tsaya cik. Tsoho ya dubi agogo, ya dubi tikitinsa.

"Ɗana, tun daga Kumasi ban makara ba sai a hannunka."

Fausatu ta kalli wasan daga farko har ƙarshe. Adalcin tarihi dai ya tilasta a rubuta cewa allon bai tashi a banza ba. Sarki ya kwance shi da hannunsa, ya tsuguna a bakin titi yana yi wa injin fifita da shi, sunansa na walƙiya, har aka hura usur na tashi.