Fasil ko Koshmar

"Ni Barmo Kashe-Kura, babu halittar da za ta tsaya gabana ta kai la'asar. Mai ƙafa huɗu ce, mai ƙafa biyu ce, ko wadda Nasara ya kulle cikin akwati, ku fito mini da ita in yi muku kilishinta."

Haka ya faɗa, aboki, ranar kasuwar Tanut a shekarar tamanin da takwas, yana tsaye bakin garejin Aghali, yana taunar soyayyar farar da ya karɓa a faifan Bintu. Kai da ba ka san Barmo ba sai ka ɗauka wani namijin duniya ne. Dogo ne, ga gashin baki kamar ƙahon rago, ga layu sun yi masa katutu a damtse. Wai shekara ashirin da suka wuce ya shaƙe kura da hannu a kwarin Tarka. Makiyayan da suka ga abin suna cewa kurar ta kwana uku da mutuwa kafin ya shaƙe ta, amma su ba su da makaɗi, shi kuwa yana da. Taubashinsa Dado ne ya yi masa kirari da kalangu, kuma kirarin nan shi ne duk abin da Barmo ya mallaka a duniya. Da shi ake matsa masa a tabarma, da shi ake miƙa masa kofin shayi na farko, da shi mahauta ke ƙara masa tsoka.

Akwatin da yake magana kuwa na Aghali ne. Aghali bakanike ne da ya yi aiki a Arlit, ya dawo da wata na'ura da wani Bafaranshe ya bar masa. Ana jona ta da tele da batirin mota, a tura kaset, ta yi ta kukan kyanwa, sannan wani ɗan mutum mai takobi ya fito. Aikinsa ya bar ƙauye, ya ratsa gona, ya haye gada, ya shiga kogo ya kashe dodo. Direbobi da jandarmomi duk sun gwada, duk a gada aka binne su. Mutum ɗaya ce ta taɓa ganin dodon da idonta, Fadimata matar Aghali, malamar lakwal, wato makarantar boko.

Ita ce ta leƙo daga cikin gareji ta ce, "Kawu Barmo, wasan nan fa yana da wuya."

"Yana da wuya? To ai ya ƙare, 'yata. Wuyan zan murɗe."

Dado na gefe da kalangu a hamata. Ya ce, "Taubashi, mu yi ta a gaban shaidu. In ka kashe dodo, in ƙara maka baiti. In an kashe ka, abin da ya kashe ka daga ƙarshe da shi zan yi maka sabon kirari, in binne na kura."

"Je ka wanke bakinka don baitin dodo," in ji Barmo, ya tattare riga ya shiga.

Aghali ya ɗora shayi, ya ce sau uku kaɗai batirin zai iya jan kaset, don haka gwaji uku ne, kowane kofi da nasa. Jama'a suka cika garejin har kan tayoyi. Fadimata ta rubuta BARMO a kan ɗan mutumin, ta miƙa masa 'yar sandar da ake tuƙa shi da ita.

"Kawu, ana ba ka maki ashirin ka raba gida huɗu: ƙarfi, sauri, sulke, hankali."

"Zuba su duka a ƙarfi."

"Hankali fa?"

"Da hankali na shaƙe kura?"

Ta zuba, ta karanta abin da tele ta rubuta. "Barmo, ƙarfi ashirin, hankali sifili."

Dado ya gyaɗa kai. "Akwatin nan ya san mutane."

Ɗan Barmo na cikin tele ya fito daga ƙauye yana jan ƙafa, tunda ba a ba shi sauri ba. A gona ga ɓeraye, ga fari suna tsalle-tsalle. Fadimata ta ce ya tsaya nan ya yi ta kashe su. Ta yi masa bayani da haƙuri irin na malamai, cewa wanda ya ƙera wasan ya auna abokan gaba ne daki-daki. Ɓera daidai da wanda ya fito daga gida, kwaɗo daidai da wanda ya gama da ɓeraye, haka har zuwa dodo. Kowane ka kashe ana ƙara maka ƙarfi da tsawon rai.

"Ni ma sati biyu na yi a gonar nan," in ji ta. "Kuma ko da haka mai tsaron gadar ya yi mini yawa. Mai ƙirar ya yi tsalle a wurin, bai sa matakala ba."

Barmo ya dube ta kamar ta zage shi. "Ni in tsaya dambe da ɓera, ana kallo? Wannan aikin kyanwa ne."

Ya wuce. A bakin gada ga wani ƙwarangwal, ƙashi zalla, riƙe da gatari. Barmo ya danna maɓalli har da cije leɓe. Ɗan mutumin ya fara ɗaga takobi. Ya ci gaba da ɗagawa. Kafin takobin ya kai sama, ƙwarangwal ya sare shi sau uku, ya koma wurinsa ya tsaya kamar ba shi ba. Tele ta yi wani ɗan kiɗan makoki.

Dado ya ɗan taɓa kalangu. "Barmo mai shaƙe gawa, yau gawa ta rama. Taubashi, ka tsaya nan. Wallahi wannan bai yi muni ba, ko banza ƙashin yana da gatari."

Da Barmo yana da makin hankali ko ɗaya, da ya karɓa. Amma ina. Ya kurɓe kofin farko ya ce akwatin ne bai gane shi ba, ya ɗauke shi direba. Ya kwance laya biyu daga damtse ya ɗaura wa tele a wuya, ya tofa, ya ce a sake tura kaset.

Wannan karon ya yi dabara, a ganinsa. Goma a ƙarfi, goma a sulke.

"Hankali fa, Kawu?"

"Ke kam kin dame ni da hankalin nan. Sayar da shi kike?"

Ya sake wuce ɓeraye da fari yana ɗauke kai. Gada kuwa ya ce ba tsoro ba ne, shi dai ba ya maimaita hanya, sai ya karkata ta fadama. Sulke ya yi nauyi, ɗan Barmo ya nutse har gwiwa. Wani kwaɗo kore ya fito daga laka ya tsirta masa yawu, jan layin ransa da ke saman tele ya fara raguwa kaɗan-kaɗan.

"Dafi ne," in ji Fadimata. "Akwai kwalabe biyu a jakarka, ɗaya magani ce."

"Wacce?"

"Da kana da hankali ko biyu, da an rubuta sunansu. Yanzu babu rubutu."

"Ba ni babbar."

Babbar man fitila ce. Ɗan Barmo ya sha, ya yi juyi biyu, kwaɗo ya ɗane kansa ya zauna. Kiɗan makoki ya sake tashi, Dado kuwa ya matse kalangu har ya fitar da kukan kwaɗo sak. Wani direba ya faɗo daga kan taya don dariya.

"Zalunci ne," in ji Barmo, gumi na tsatsafo masa. "Kwaɗon ƙasar wa ke kashe mai sulke?"

Aghali ya miƙa masa kofi na biyu. "Kwaɗon daidai yake, Malam Barmo. An auna shi da wanda ya kashe ɓera ɗari. Kai ko ɗaya ba ka gaisa da shi ba."

A nan ne tsoro ya kama Barmo na gaske. Ya fara jin kirarin kwaɗo a kunnensa, daga Tanut har Belbeji. Gwaji ɗaya ya rage. Kuma dillalin ƙarya irinsa ba ya yarda cewa mace ta ga dodo da guminta, dole akwai sirri. Da kaset ya gama kuka, sai ya lura da wasu kalmomi uku da ke fitowa da farko, waɗanda Fadimata ke wucewa da sauri.

"Tsaya. Mene ne waɗannan?"

"Matakan wuya ne, Kawu. Na tsakiya muke yi. Fasil, normal, koshmar."

Fasil kam, wato mai sauƙi, kowa a garejin ya san shi, ko jakin kasuwa ya san fasil. In ya zaɓe shi a gaban mutane ya mutu tun kafin a fara. Amma na ukun ya daki kunnensa.

"Maimaita na ƙarshen."

"Koshmar."

Barmo ya murza gashin baki. Kashe mar. Ashe nan aka ɓoye ta. Nasara malalaci ne, in ya gaji sai ya danna nan, akwati ya kashe mar abokan gaba yana zaune. Murna ta cika masa ciki har ya ji tausayin direbobin da aka yi ta binnewa a gada.

"Shi za ki danna."

"Kawu, koshmar mugun mafarki ne da Faransanci. Ko ni ban taɓa shiga ba. A can kowace halitta an ninka mata ƙarfi."

"Haba, 'yata. Da Hausa aka rubuta, kina ce mini Faransanci? Kin ci moriyarsa ke kaɗai, yanzu kina yi wa kawunki rowa."

Fadimata ta dubi mijinta. Aghali ya ɗaga buta sama yana tsiyaya shayi. Ta danna.

Ɗan Barmo ya fito ƙofar ƙauye, ƙarfi ashirin, hankali yadda ka sani. Sararin tele ya yi ja. Shi kuwa babban Barmo sai ya ajiye sandar a ƙasa, ya harɗe hannuwa, ya jingina da bango. Ya ɗebo sauran soyayyar fara daga aljihu ya watsa a baki.

"Ba za ka tuƙa ba?" in ji Dado.

"Manya ba sa tuƙi. Ku dai zuba ido."

Daga gefen gona wata 'yar fara ta yi tsalle ɗaya. Ƙarama ce, ita ce halitta mafi rauni a wasan duka, wadda Fadimata ke kashewa tana gyaran takardun 'yan aji. Ta ƙara tsalle. Ta ƙara.

"Kun gani? Yanzu za a kashe mar."

Fara ta shuri ɗan Barmo a gwiwa, rabin jan layin ya tafi.

"Gwaji ne," in ji Barmo, amma murya ta sauka. "Akwatin yana zafafa jiki."

"Kawu, ɗauki sandar."

Ya duƙa da sauri, hularsa ta faɗi, layar tele ta saƙale masa a gashin baki. Kafin ya warware, fara ta yi shuri na biyu. Ɗan Barmo ya miƙe a ƙofar ƙauyensu, ko gona bai taka ba. Fara ta hau ƙirjinsa tana goge ƙafafu. Kiɗan makoki ya fara, bai kai ƙarshe ba batiri ya mutu, tele ta yi baƙi.

Aghali ya miƙa masa kofi na uku, mai zaƙin.

"An dai kashe, Malam Barmo. Sai dai ba a kashe mar ba, shi aka kashe."

Ni kaina, aboki, na ji tausayinsa a lokacin, don ƙafar fara na maƙale a haƙorinsa bai sani ba. Dado kuwa taubashi ne, ba ya cikin masu tausayi. Ya miƙe, ya gyara kalangu, ya fita tsakiyar kasuwa ya buɗe murya:

"Barmo na gaba, tuwon fara,
Shuri biyu, sai a yi salla.
Kowa na ci da yaji,
Kai da laya aka ci ka."

Kafin kasuwa ta watse masu raƙuma sun ɗauka, kafin sati ya zagayo mata na daka da shi a Tarka. Barmo ya yi kwana tara bai fito ba, wai zazzaɓi. A na goma ya naɗa rawani har hanci, ya bi bayan gareji, yana so ya nuna wa duniya shi da fara babu tsoro a tsakani. Ya tsaya gaban faifan Bintu, mahauta na kallo, ya daidaita murya.

"Zuba mini gwangwani ɗaya."

Bintu ta ɗebo, ta dube shi sama da ƙasa, ta zauna ta fara cire wa kowace fara ƙafafun baya ɗaya bayan ɗaya.

"Me kike yi haka?"

"Ina kwance musu makamai ne, Baba Barmo, kada a ce a faifaina aka ƙarasa ka." Ta ɗauko ƙwaryar yaji ta riƙe cokali a sama. "To yaya zan zuba maka, fasil ko koshmar?"